Wai kayan gyaran da ake ware wa mai kuɗi a gem, sayen nasara ne? Sharhi kan rigimar P2W

Duk sanda sabon sizin, wato sabon zangon wasa, ya shigo a gem ɗin Call of Duty Mobile ko Free Fire, ko watan Satumba ya kama kamfanin EA ya saki sabon gem ɗinsa na ƙwallo, gardama ɗaya ce take dawowa a majalisun samarinmu na Legas, daga Agege har Idi-Araba, a teburin mai shayi da shagon cajin waya da gurup ɗin WhatsApp. Wani zai ce ai wane ba iyawa ya fi shi ba, kuɗi kawai ya zuba, bindigar da ke hannunsa ma ba a samunta sai an cire kati. Shi kuma wanen zai ce haba malam, kwalliya ce fa kawai, harsashinta ɗaya da na kowa, in ka isa zo mu shiga ɗaki ni da kai. Haka za a watse ba a daddale ba, kuma sau tari dalilin shi ne ba abu ɗaya suke nufi ba, kowa da irin kayan da yake magana a kai amma duk an zuba su a buhu ɗaya an ɗaure da suna ɗaya.

To bari mu kwance buhun mu ga me ke ciki.

Me ake nufi da P2W, me ake nufi da kayan keɓe

Abin da 'yan gem ke rubutawa P2W a taƙaice, ma'anarsa biya ka ci. Wato tsarin da wanda ya sa kuɗin gaske yake samun fifiko a kan wanda bai sa ba, a cikin wasan da su biyun suke karawa. Kalmar karawa ɗin nan ita ce ƙashin bayan maganar. In kai kaɗai kake buga gem ɗinka kana bin labari kana yaƙi da kwamfuta, ka sayi takobin da ke sare dodo da sara ɗaya, ba wanda ka danne wa haƙƙi, iyaka ka rage wa kanka daɗin wasan ko ka ƙara, wannan ruwanka. Amma da zarar akwai ɗan adam a ɗaya ɓangaren, yana zaune a Mile 12 ko a Jakarta da wayarsa, kuma kuɗinka ya sa harsashinka ya fi nasa ciwo, to an shiga wani babin.

Kayan keɓe kuwa su ne abubuwan da kamfani ke cewa ba kowa zai samu ba. Hanyoyin ware su suna da yawa. Akwai na wanda ya biya kuɗin gem tun kafin ya fito, akwai na wanda ya sayi bugu mai tsada maimakon na gama-gari, akwai na fas ɗin sizin, wato tikitin da ake saye don kyaututtukan zangon, irin Royale Pass na PUBG Mobile, akwai na juya sa'a da akwatin sa'a inda za ka biya ba tare da ka san me zai fito maka ba, sannan akwai wanda ake cewa na kwana bakwai ne kawai in ya wuce ya wuce. Kamfanonin suna kiran su bonas, mu a kasuwa gyara muke cewa, kalmar da har mutanen Legas suka ara suke cewa jara.

Kuma misalin gyaran nan yana taimakawa wajen fahimta. In ka sayi mudun shinkafa mai kaya ya cika maka shi dam sannan ya ƙara maka ɗan hannu, wannan gyara ce ta gaskiya. In kuwa ya buge gindin mudun tun farko ya rage, sannan ya ɗebo abin da ya rage ɗin ya ce ga gyara nan amma sai ga wanda ya biya tun jiya, ka ga sunan ne kawai gyara. Wani ɓangare babba na fushin 'yan gem a kan kayan keɓe daga nan yake fitowa, ba ma daga maganar cin nasara ba. An ga haka a 2013 lokacin da gem ɗin Metro: Last Light ya ware wani salon wasa mai wahala, Ranger Mode, ya ce na waɗanda suka biya tun kafin fitowa ne, sauran su ƙara kuɗi. Ba wanda ya ci wani da wannan tunda gem ne na mutum ɗaya, amma an yi ta surutu, don mutane sun ga kamar an yanki nama daga jikin abin da suka saya ne aka sake sayar musu.

Kayan da kansu kala uku ne in aka duba aikinsu. Na kwalliya, wato riga da fenti da rawa, waɗanda ba sa taɓa lissafin wasa. Na ƙarfi, waɗanda ke ƙara ciwon harsashi ko jini ko gudu. Sai na tsallake layi, waɗanda ba sa ba ka abin da wani ba zai iya samu ba, amma suna ba ka shi yau, shi kuma sai ya yi wata biyu yana gumi. Na farko kusan kowa ya yarda ba P2W ba ne, na biyu kusan kowa ya yarda shi ne, rigimar duk tana kan na ukun da kuma wuraren da na farkon yake zamewa ya koma na biyu ba tare da an faɗa ba.

Yadda aka faro

A da can lissafin mai sauƙi ne, ka sayi faifai ko katirij sau ɗaya, abin da ke ciki naka ne gaba ɗaya. A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda ya saka sulken doki a kasuwa na dala 2.50 a gem ɗinsa Oblivion, duniyar 'yan gem ta yi ta dariya wai wa zai sayi kayan ado wa dokin ƙarya. Mutane suka saya. A ɓangaren Asiya kuma, musamman Koriya ta Kudu da Chaina, tun farkon shekarun 2000 an riga an saba da gem na kyauta wanda kuɗinsa ke fitowa daga 'yan kayan da ake sayarwa a ciki, kamfanin Nexon mai MapleStory na cikin waɗanda suka yi fice a wannan. Da wayar hannu ta zo sai wannan salon ya mamaye ko'ina, don ba wanda zai biya dala 60 kan gem ɗin waya, amma in ka ba shi kyauta ya saba, zai iya sakin dala ɗaya yau, biyar jibi.

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gem ɗin da aka ba ka kyauta akwai masu zane da masu rubuta shi da sabar da ke aiki dare da rana, sannan Google da Apple sun daɗe suna yankar kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi ta shagonsu. Dole wani ya biya, kuma yawanci 'yan ƙalilan ne cikin masu bugawa ke ɗauke da nauyin, su ne kamfani yake zama ya yi tunanin me zai sa su ƙara buɗe aljihu. Girman kuɗin ba wasa ba ne, EA da kanta ta bayyana cewa sashen Ultimate Team na gem ɗinta na wasanni, inda ake haɗa kulob da katunan 'yan wasa, ya kawo mata dala biliyan 1.62 a shekarar kuɗinta ta 2021. Sashen nan an fara shi ne a 2009 a gem ɗin ƙwallo na FIFA 09 a matsayin ɗan ƙari.

Inda abin ya fashe shi ne Nuwamban 2017 da Star Wars Battlefront II na EA ɗin dai. Gem ne da ake saya da cikakken kuɗi, amma an zuba katunan ƙarfi a cikin akwatin sa'a, sannan 'yan wasa suka lissafa cewa buɗe jarumi irin Darth Vader zai ci wajen awa 40 na bugawa in ba ka biya ba. Amsar da kamfanin ya bayar a dandalin Reddit ta samu ƙuri'ar ƙi sama da 600,000, har ta shiga kundin Guinness, kuma ana gobe gem ɗin zai fito a hukumance suka kashe sayayyar cikin gem ɗin gaba ɗaya na wani lokaci. Tun daga nan manyan kamfanoni suka koyi taka-tsantsan da kalmar, shi ya sa yanzu kusan kowane sabon gem zai yi saurin cewa kayanmu na kwalliya ne kawai. Ko maganar tana cika a aikace, wannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gem ɗin da aka fi bugawa a nan, wanne ne a ina

Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a ƙarshen 2017 kuma ya samu karɓuwa saboda yana tafiya a ƙaramar waya, shi ne misali mafi fito-na-fito. Sikin ɗin bindiga a cikinsa ba fenti kaɗai ba ne, a jikinsa ake rubuta cewa ya ƙara ciwo ko saurin harbi, ya rage wani abu kamar saurin sake loda harsashi. Jaruman ma kowanne da baiwarsa, kowa ya tuna yadda Alok ya zama abin nema, da kuma Chrono da aka fitar a Disambar 2020 da siffar Cristiano Ronaldo, mai garkuwar da ta dame wasan har sai da aka yi ta rage mata ƙarfi a afdet-afdet na baya. Daga baya Garena ta buɗe hanyoyin samun jarumai ba sai da daimon ba, wato kuɗin cikin gem ɗin, wannan ya rage zafin ƙorafin. Amma abin lura shi ne a ɗakin da mutum ya buɗe da kansa akwai madannin kashe ƙarfin sikin, kuma masu shirya gasa sukan kashe shi. In da ƙarfin bai da tasiri, da ba a buƙaci madannin ba.

Call of Duty Mobile, wanda ya fito ranar 1 ga Oktoban 2019, nasa ya fi sarƙaƙiya. Bindigogin nan masu tsada da ake samu ta juya sa'a, inda kowane juyi ya fi na baya cin CP, wato kuɗin cikin gem ɗin, kuma babban kayan yawanci sai a ƙarshe yake fitowa, a lissafin ciwo da nisa ɗaya suke da bindigar kyauta. Masu kare su suna da gaskiya a nan. Sai dai da yawansu suna zuwa da saitin ido daban, wanda ya fi na asali tsabta, kana ganin abokin karawa ba ƙarfe ya tare maka. Wanda ke da irin wannan ba ya buƙatar ɗora madubi, kenan ya samu gurbi ɗaya a banza da zai sa wani abin da zai rage masa girgizar bindiga ko ya ƙara masa gudu. Ƙaramin abu ne, ɗan koyo ba zai ma ji bambancin ba, amma tsakanin ƙwararru biyu da faɗansu ke ƙarewa cikin ƙasa da sakan ɗaya, ƙaramin abu yana iya raba gardama.

PUBG Mobile ya fi kusa da kwalliya zalla. Bindigar M416 mai adon ƙanƙara da ake ta yi wa kirari ba ta fi ta gama-gari ciwo ba, abin da take ƙarawa shi ne walƙiya in harsashi ya samu mutum da kuma sanarwa mai ado in ka kashe. Wasu na cewa walƙiyar tana taimaka musu su gane sun samu mutum daga nesa, wasu na cewa raba hankali ma take yi.

Ƙwallo kuwa dole a raba ta biyu. A gidan gem na unguwa inda ake biyan kuɗin wasa a ɗauki fad biyu, wato abin riƙewa a buga, kowa ya zaɓi kulob ɗinsa, babu maganar P2W ko kaɗan, iyakar rigimar ita ce wa ya riga ɗaukar Real Madrid. Amma a Ultimate Team ta intanet, ko Dream Team na eFootball wanda Konami ta mayar kyauta a 2021, 'yan wasan da kansu su ne kayan sayarwa, kuma katin da ya fi gudu ya fi gudu, babu wani kwana-kwana. Ga kuma misalin tsallake layi ƙarara: EA Sports FC 24 da ya fito a Satumbar 2023, wanda ya sayi bugu mai tsada na dala 99.99 maimakon na 69.99 ya samu shiga wasan kwana bakwai kafin kowa da kuma maki 4,600 na buɗe fak, wato ƙunshin katunan 'yan wasa. A wasan da ke da kasuwar saye da sayar da 'yan wasa a cikinsa, mako guda na farko kamar ka riga kowa isa kasuwar Mile 12 ne da asuba lokacin da motar tumatir ke sauke kaya, kafin 'yan sari su iso farashi ya tashi.

Clash of Clans da ire-irensa su kuma lokaci suke sayarwa tsagwaronsa. Ginin da zai ɗauki kwanaki, ka zuba duwatsu masu daraja ya ƙare yanzu.

Kwalliyar da ta wuce kwalliya

A fagen dambe ba wanda ke hana ɗan wasa ɗaura layu a damtse ko shigowa da makaɗansa suna zuga shi, wannan ado ne da tsoratarwa. Abin da ake dubawa shi ne hannun da aka naɗe, kada a cusa wani abu a cikin zaren. Matsalar gem ita ce wani lokaci layar ce da kanta take duka.

A Warzone, ɗan uwan Call of Duty na kwamfuta da PlayStation, an yi wata riga baƙa wuluk ta wata jaruma Roze, wadda ake samu a ƙarshen fas ɗin sizin na kuɗi a 2020. Ba ta ƙara jini ba, ba ta ƙara ciwo ba, amma in mai ita ya laɓe a lungu mai duhu ba a ganinsa sai dai ka ji harbi. An yi watanni ana kuka kafin masu gem ɗin su gyara ta a 2021 su sa ta fi fitowa fili. A 2023 aka maimaita da wata rigar mai suna Gaia mai kama da rassan bishiya, har aka janye ta na ɗan lokaci. A shekarar dai, a sashen gem ɗin da ake kira DMZ, an sayar da wasu ƙunshin kaya da ke ba mutum jaka mafi girma ko rigar kariya tun daga fara wasa, wannan kam ba ma a ɓoye ba. Sai kuma gem ɗin Escape from Tarkov da a Afrilun 2024 ya fitar da bugun dala 250 mai aljihu mafi girma da wasu fifiko, abin da ya tunzura har waɗanda suka riga suka sayi bugu mai tsada na baya suna zaton sun gama biya.

Abin da waɗannan ke nunawa shi ne sunan da kamfani ya raɗa wa kaya ba ya yanke hukunci. Rubuta kwalliya a jikin abu bai hana shi aiki a fage ba, haka kuma keɓe abu ga mai kuɗi bai mayar da shi P2W ba in rawa ce kawai ko fentin parashut.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu cewa ba P2W ba ne suna da hujjoji masu nauyi. Na ɗaya, iyawa tana gaba da kaya, ka ba ɗan koyo bindigar da ta fi kowacce tsada ƙwararre zai kwantar da shi da ta kyauta, kuma duk wanda ya daɗe a gem ya ga haka da idonsa. Na biyu, kuɗin mai saye ne ke riƙe da sabar da mai kyauta yake wasa a kai. Na uku, kuma wannan ana yawan mantawa da shi, lokaci ma dukiya ce da ba kowa ke da ita daidai ba. Wanda ke tsaron shago a Alaba Rago ko yake aikin gadi ko yake kan babur tun safe, awa ɗaya yake samu da dare, ɗalibin da ke hutu kuma yana da awa takwas. In mai aikin ya biya don ya kamo inda ɗalibin ya kai da gumi, su a ganinsu daidaita fage aka yi.

Ɗaya ɓangaren suna amsawa da cewa maganar iyawa ta fi kaya kauce wa tambayar ce, don ba a gwada ƙwararre da ɗan koyo. Tsarin ranki, wato matakan iyawa, yana haɗa ka ne da sa'anka, to in ku biyu kun yi kunnen doki a iyawa, me ya rage ya raba ku in ba kayan ba? Kan maganar lokaci kuma suna cewa ai kamfanin ne da kansa yake tsara tsawon layin, shi ke yanke cewa abu zai ci awa 5 ko awa 40, kuma yana da riba in layin ya yi tsawo har ka gaji ka biya. Suna kawo misalin Assassin's Creed Odyssey na 2018 da aka sayar da abin ƙara saurin hawa lebul na dala 10 a gem ɗin da mutum ya riga ya biya cikakken kuɗinsa.

Akwai na tsakiya, waɗanda ba sa ɗaukar abin a matsayin eh ko a'a. Su tambayoyi suke yi wa kowane kaya: yana canza sakamako tsakanina da wani mutum? Akwai hanyar samunsa ko kwatankwacinsa ba da kuɗi ba? In akwai, kafin in same shi an riga an fitar da wanda ya fi shi? Tambaya ta ƙarshen nan ita ce ta fi kama gem ɗin ƙwallo, inda katin da ka yi wata guda kana nema yake zama tsohon yayi ranar da ka same shi, sannan a Ultimate Team shekara na zagayowa a share komai a koma farko. A wannan ma'aunin gem ɗin Fortnite yana can gefen kwalliya, Free Fire da Ultimate Team suna can ɗaya gefen, Call of Duty Mobile yana tsakiya ya ɗan karkata ga kwalliya.

Ina doka ta tsaya

Hukumomi ba su cika damuwa da ko wasa ya yi adalci tsakanin 'yan gem ba, abin da ya ja hankalinsu shi ne akwatin sa'a, don yana kama da caca. Chaina ta wajabta bayyana yiwuwar samun kowane kaya tun Mayun 2017, Apple ya sa irin wannan sharaɗi a shagonsa a Disambar shekarar, Google ya biyo baya a 2019. Beljiyam ta fi kowa tsauri, a Afrilun 2018 hukumar cacarta ta ce akwatin sa'a na kuɗi caca ne, kuma a Janairun 2019 EA ta daina sayar da makin FIFA a ƙasar. A Holan an ci EA tarar da ta kai yuro miliyan 10 amma babbar kotun gudanarwa ta soke ta a Maris 2022. Birtaniya a Yulin 2022 ta zaɓi ta bar kamfanoni su gyara da kansu. A Koriya ta Kudu kuma an ci Nexon tarar won biliyan 11.6 a Janairun 2024 saboda rage yiwuwar fitowar wasu kaya a MapleStory ba tare da sanar da masu saye ba. A Amurka, Epic mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Disambar 2022, kan bayanan yara da kuma madannan da ke sa mutum ya sayi abu bai shirya ba, kun ga ko gem ɗin kwalliya zalla bai tsira daga ƙorafin kuɗi ba.

A nan gida, Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa harkar caca da wasannin sa'a hurumin jihohi ne ba na tarayya ba, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, kuma Legas tana da hukumarta mai kula da wannan fanni. Sai dai kamfanonin da ke juya sa'ar nan suna zaune ne a Singafo da Chaina da Amurka da Japan, cinikin kuma ta shagon waya yake bi, don haka yaron da ya juya ya tashi a tutar babu ba shi da wani ofishi a Ikeja da zai je ya buga tebur. Ga mai kallon abin ta fuskar addini kuma, bambancin da ake yi shi ne tsakanin sayen abin da ka gani ka san farashinsa, da biyan kuɗi kan abin da ba ka san me zai fito ba, na biyun ne ake dangantawa da caca da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana, kuma wannan tambaya ce daban da ta P2W, mutum zai iya juya sa'a kan rigar da ba ta ƙara masa komai a fage.

Abin da yake nufi ga aljihun ɗan Legas

Farashin kayan nan da dala ake tunaninsa ko da an nuna maka da naira. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A wannan lissafin bugun dala 100 ya kama naira 150,000, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa a Yulin 2024 naira 70,000 ne, na ma'aikatan Jihar Legas kuma aka kai shi 85,000 daga baya a shekarar. Abin da yake kuɗin fita cin abinci sau ɗaya ko biyu ga ɗan wasa a Jamus, a nan albashin wata biyu ne, kuma a fage ɗaya ake zuba su. Shi ya sa ɗan fifikon da wani a can zai ce ai kowa na iya saya, a nan yake zama katanga.

Sannan akwai fifikon da ba kamfanin gem ne ke sayar da shi ba amma kuɗi ne ke sayensa, kuma a gaskiya ya fi na sikin tasiri nesa ba kusa ba. Wayar da aka ɗauko a kasuwar waya ta Computer Village, mai ƙaramin ƙwaƙwalwa da ke zafi tana sanƙarewa ana tsakiyar faɗa ba za ta yi daidai da iPad ba. Netwok mai lagin, wato jinkiri, yana sa ka ga ka riga harbi amma kai ne a ƙasa. Data ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wuta kuma ga yadda take, wani sai ya kai waya shagon caji kafin ya shiga ranki. Da yawa daga cikin kashin da ake ɗora wa bindigar mai kuɗi, in aka bincika, waya da sabis ne suka yi aikin.

Hanyar biyan ma ta haifar da tata kasuwar. Shekarun da bankuna suka taƙaita ko suka dakatar da amfani da katin naira a waje, daga 2022 har zuwa 2025 da wasu suka dawo da shi, sun tura mutane wajen masu loda kuɗin cikin gem irin CP da UC na PUBG da daimon, wasu shaguna ne sanannu irin Codashop da Carry1st, wasu kuma mutum ne kawai a WhatsApp da ke cewa turo lambar sirrinka in loda maka da araha. Ta nan ake rasa akawun. Ga kuma cinikin akawun ɗin kansa, inda ake yi masa kuɗi gwargwadon kayan keɓen da ke ciki, duk da dokokin yawancin gem ɗin sun hana, kuma wanda ya sayar yana iya komawa ya ƙwace abinsa ta imel ɗin da ya buɗe shi da shi tun farko. Iyaye da yayyen da ke ba ƙanne waya su ɗan buga, in akwai kati a maƙale da shagon Google to a sa masa makulli, don madannin sayen yana nan kusa da na wasa.

Kayan kuma ba mallakarka ba ne yadda waya take mallakarka, izinin amfani ne muddin sabar tana kunne. Gem ɗin Apex Legends Mobile na EA an rufe shi ranar 1 ga Mayun 2023 bai cika shekara da fitowa ba, kuma EA ta ce ba za ta mayar da kuɗin kayan da aka saya a ciki ba. A Satumbar shekarar aka kashe tsohon Warzone, rigar Roze ɗin nan da aka yi watanni ana rigima a kanta ba ta bi masu ita zuwa sabon ba.